Igiyar Yaya a Rijiyar Baba

Rijiyar garinmu ubanmu ne ya haƙa ta, tun Dakoro bai zama gari ba, tun makiyaya kaɗai ke sauka wurin. Garin namu ƙaramin ƙauye ne gefen hanyar Birnin Lalle. A bakin rijiyar an gicciye wani gungumen kirya, kowane gida da gurbin da igiyarsa ta ci a jikin itacen. Gurbin gidanmu ne na tsakiya, kuma shi ya fi zurfi. A al'adarmu, duk maganar da ta shafi rijiya, ɗan wanda ya haƙa ta ke yanke ta. Bayan rasuwar Baba, ni ne ɗan. Na fara da wannan ne don kada wani mai son faranta mini rai ya ce ba ni da yadda zan yi. Ina da shi.

Karatuna bai wuce na allo ba, rubutun nan ma da kyar nake jan shi. Amma na gaji da jin tsofaffin garin nan suna ba jikokinsu labarin yayata kamar su ne suka riƙe ta da hannu biyu.

Yaya ta girme ni da nisa. Mahara suka ɗauke ta a daji ta je itace, ni ina goye a bayan Inna. Na tashi ban san ta ba sai a bakin Inna. Sai da na yi aure na haifu, tun Nasara ba su taka ƙasar nan ba, wata mata ta sauko daga jakin fatake a ƙofar gidanmu, da furfura a gefen kai, Hausarta ta karkace. Inna ta dubi zanen fuskarta, ta kama hannunta ta juya, ta ga tabon ƙunar da ta yi tana yarinya, sai ta rungume ta. Aka kawo fura, Yaya ba ta taɓa ba. Cewa ta yi, "Ina gugan gidan nan?" Ta tafi rijiya da ƙurar tafiya a jikinta, ta zura igiya a gurbin Baba, ta jawo, ta sha tana kuka. Ta ce ta ga kogin da ba a hangen ƙetarensa, amma duk inda aka kai ta ɗanɗanon ruwan nan ne a bakinta. Washegari ta zauna ta tuƙa igiya tata ta kanta.

Ba ta ɓoye mana komai ba. An sayar da ita hannu zuwa hannu har garin da manyan koguna biyu suka haɗu. Can wasu mutane suka fanshe ta, wani malami baƙar fata ya koyar da ita, ta zama mai bin Isa Almasihu. Ba ta salla irin tamu. Da safe sai ta durƙusa bayan ɗakin Inna ta yi addu'a, ta yi waƙa a hankali, kuma rana ɗaya a mako ba ta zuwa gona. Yara suka sa mata Gwaggo mai waƙa. Muddin akwai hatsi a rumbu, abin bai wuce dariya ba.

Sai fari ya zo. Shuka ta tsiro ta ƙone, aka sake, ta sake ƙonewa. Ruwan rijiya ya ja baya har guga na fitowa da laka. Aka kira tsohon da ke yashe mana rijiya, abokin Baba ne, tare suka yi haƙar. Kafin ya shiga, al'ada ita ce a kawo baƙar akuya, duk ƴaƴan mai rijiya su ɗora hannu a kanta, a yanka ta jinin ya gangara ta bakin gungume, don wanda aka ce yana zaune a ƙasan ruwa. Liman ba ya zuwa wurin, ba ya kuma hanawa. Ni da ɗan karatuna na san abin nan ba ya cikin addini, amma na ɗora hannuna kamar yadda na saba. Yaya ta tsaya da hannuwanta a naɗe.

"Taho ki sa hannu, ɗiyar nan," in ji tsohon.

"Ba ni sawa, Baba."

"Ubanki da ya haƙa ta ya sa."

"Allah shi jiƙan shi. In roƙon ruwa kuke so, in durƙusa nan tare da ku har rana ta faɗi. Amma ba ni ba wani jini."

Wata maƙwabciyarmu ta ɗaga murya daga cikin mata, ta ce, "To ki roƙi naki, shi aiko miki da kogin can da kike cika mu da labarinsa." Aka yi dariya, har da ni, don ban san abin da zan yi da fuskata ba.

Aka yanka akuya, tsoho ya shiga ya yashe, ruwa bai ƙaru ba. Wace rijiya ce ta ƙaru a shekarar nan? Daga nan har Tarka duk sun ja baya, kowa ya sani. Amma manya suka taru a gindin gawo suka ce mai ruwa ya yi fushi don an ƙi shi, kuma igiyar wadda ta ƙi shi ba za ta sake sauka ba. Suka juyo gaba ɗaya suka dube ni. Kalma ɗaya ce a bakina. Na dubi ƙasa na ce, "Abin da manya suka gani." Tsoro na ji kada a ce ɗan mai rijiya ya bi mace, kada a daina yi mini shimfiɗa a gindin gawo. Da hannuna na cire igiyarta daga turke na wurga ta bisa rufin rumfa. Inna ta kalle ni ta ce, "Ubanku bai haƙa ta don a ware ɗiyarsa ba." Daga ranar ba ta ƙara kirana Auta ba, sai dai "kai".

Da hatsi ya ƙare, gari ya koma kan anza, ƴar itaciyar nan ta daji. Wanda bai ga yunwa ba bai san ta ba. Ita kaɗai ke zama kore in komai ya bushe, amma ƴaƴanta ɗaci ne zalla. Sai an ɓare, an jiƙa, ana zubar da ruwan ana sake sabo kwana da kwanaki, sannan a dafa a ci kamar wake. In aka yi mata rowar ruwa, ciki take murɗawa. Mu kuwa ruwan sha ma aunawa ake yi, kowane gida da iyakar gugansa. Mata suka riƙa jiƙa anza a ruwa ɗaya har ya yi wari, yara na ci suna birgima a ƙasa. Ƙaramar ɗiyata ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta.

Yaya da aka hana rijiya sai ta nufi arewa, inda Bugaje ke da wata rijiya mai ruwan kanwa, wadda raƙuma kaɗai ke sha da daɗi. Tafiya ce mai cin rabin yini, cikin rairayi da ƙarangiya. Bugajen ba su tambaye ta wa take bi ba. Ta riƙa taya matansu jan ruwa, su kuma suka bar ta ta jera ƙorenta a inuwa tana jiƙa anza, tana sake ruwa yadda take so. Tata ta fito fes, babu ɗaci ko kaɗan.

Wata rana aka ajiye mini akushi, na ci na ji ba irin ta kullum ba ce. Na tambayi matata daga ina.

"Malam, ka ci ka yi shiru, ko ka tambaya ka wuni da yunwa."

"Na ce daga ina?"

"Daga hannun da ka ce rijiya ba ta so. Cikinka dai ga shi yana so."

Ba gidanmu kaɗai ba. Mata suka riƙa zagayowa ta bayan danga da ƙwarya a ɓoye cikin zane. Maƙwabciyar nan mai maganar kogi ita ce ta farko. Tsohon mai yasa ma matarsa ta karɓo masa, ya ci ya side hannu. A nan ne raina ke ɓaci har yau. Abin da hannun Yaya ya ɓare, ya wanke, ya dafa, ya halatta a cikinku da na ƴaƴanku, amma igiyar da hannun nan ya tuƙa ita ce za ta ƙafar da rijiya? Ba wanda ya tashi a gindin gawo ya ce an yi kuskure. Suna ci da hantsi, da la'asar su wuce ta a hanya su kau da kai.

Na tare ta wata rana a bayan gari, rana tsaka, ta dawo da kaya a ka, ƙafafunta sun tsattsage. Na ce, "Yaya, a sake kawo akuya ki ɗora hannu kawai, a wuce wurin. Wa zai san abin da ke zuciyarki?"

"Shi zai sani."

"Shi ɗin me ya yi miki? Ga ki nan kina tafiya kamar baiwa."

Ta sauke kayan ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Auta, na yi bauta ta gaske, da igiya a wuya, a kasuwar da ba wanda ya san ina da uwa. Lokacin ni kaɗai ce. Daga baya aka gaya mini akwai wanda shi ma aka sayar, aka ɗaure, aka tofa masa miyau, kuma ya tashi. An ce ya taɓa zama bakin rijiya da ƙishirwa, ya roƙi ruwa wurin matar da mutanensa ba su shan ƙwarya ɗaya da nata. Tun da na ji haka ban sake tafiya ni kaɗai ba. Hanyar nan da kake gani, mu biyu muke yin ta."

Na ce, "Ba ki jin haushina?"

"Ina ji mana. Kullum da safe sai na kai masa shi na ajiye. Ba don haka ba, da tuni na fasa maka tulu a ka." Ta yi dariya, ta ce in taya ta ɗaukar kaya. Na ɗora mata a ka. Ko karɓa ban yi ba, don kada a gan ni da shi a cikin gari.

Inna ba ta ga ƙarshen yunwar ba. Damina ta dawo, ruwa ya sauka sosai, rijiya ta cika ba tare da an yanka ko kaza ba. Ɗiyata ta tashi, yaran gari suka tashi. Na ce a raina zan sauko da igiyar, amma bari a gama noma, kada a ce na yi gaggawa. Aka gama noma na ce bari hatsi ya yi kai. Yaya kuwa ba ta yi mini maganar ba. Tafiyar arewa ta riga ta cinye ta, tari ya kama ta, ƙafafu suka kumbura, ta kwanta a ɗakin Inna. Waƙar safe ba ta fasa ba, sai dai ta koma kamar numfashi.

Da na ga jikin ya yi nisa, na jawo ruwa daga rijiyar Baba na kai mata a ƙwaryata. Ta duba ta ce, "Matarka ta daɗe tana sato mini shi. Ba shan ba ne, Auta. Ja nake so in yi, kamar ɗiyar gida."

Na hau rumfa na sauko da igiyar. Gara ta ci rabinta, sai na ƙulla ragowar da tawa. Na ɗora Yaya a jaki da hantsi, lokacin da bakin rijiya ya fi cika, na ja ta ta tsakiyar gari ina shirya amsar da zan ba manya. Na sauke ta, na zura igiyar a gurbin tsakiya, na sa mata a hannu.

Ba wanda ya hana mu. Mata suka matsa suka ba ta wuri. Tsohon mai yasa yana zaune bisa kwamin shayar da dabbobi, ya janye ƙafarsa ya ce, "Sannu da jiki, ɗiyata." Ɗiyata! Ashe abin da na kwashe rani da damina ina tsoro ke nan. Da na yi haka tun ranar farko, da gunaguni za su yi su watse, da ba ta taka ƙarangiyar arewa ba.

Ba ta iya jan gugan ita kaɗai ba, na kama daga baya muka ja tare. Ya fito rabi. Ta leƙa ta ce, "Dubi abin da ɗiyar mai rijiya ta jawo, ko akuya ba ta ƙoshi." Ta yi godiya ga Ubangijinta a fili, da sunan Almasihu, kowa na ji, ta sha, ta miƙo mini.

Ba ta kai ga sabon hatsi ba. Waɗanda suka ci anzarta ta bayan danga su ne yau ke cewa Gwaggo mai waƙa uwar gari ce, su ba su taɓa ƙin ta ba. In na ji su sai in tashi in bar wurin, don in na buɗe baki, da kaina zan fara.