Kwamfutar da Baba Iddi Ya Bari a Buɗe

A unguwar Akwatia Line da ke Kumasi na tashi, a wani gida mai ɗakuna da yawa da famfo ɗaya. Mahaifina malamin Islamiyya ne, mahaifiyata tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Abin da na fi so a duniya shi ne in zauna a kan matakala bayan ruwan sama ya ɗauke, in kalli tururi yana tashi daga rufin kwano, in rubuta 'yan layuka a kansa. Ina gaya muku wannan ne, ƙannena, don kada ku ɗauka ɓarawo yana da wata fuska ta daban. Tawa fuskar, in ji mutanen unguwa, mai kunya ce.

Da na gama karatun aikin ofis, wani abokin mahaifina ya samo mini aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai, wurin wani Alhaji mai shigo da kayan gyaran mota. Ofishin ɗaki ne a saman shago. A ƙasa makanikai ne, da ƙarar guduma, da warin baƙin mai. A sama kuwa Alhaji ne idan yana gari, sai ni mai amsa waya da buga takardu, sai akawu, Baba Iddi.

Ban san yadda zan kwatanta muku Baba Iddi ba. Da furfura a gemunsa ya koyi kwamfuta, yana lalubar haruffa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya aika saƙo sai ya yi bismilla. 'Yan kasuwa daga Tamale da Bolga, har Wagadugu, suna tura kuɗin inji ba su ga injin ba, don kawai saƙon daga wurinsa ya fito. Shi ne kuma yake jan sallah a ɗan masallacin da ke bayan garejin. Tun ranar farko ya kira ni 'yata, ya matsar da teburina kusa da taga don in riƙa samun iska.

Akwai kuma Anti Samira, mai zuwa daga Kwadaso lokaci-lokaci ta duba mana kwamfutoci. A kan babur ɗinta take zuwa, mayafi a ɗaure tam, jakar kayan aiki a baya. Nakan saki baki ina kallon yadda take buɗe cikin kwamfuta kamar mai gyaran kifi, ba gaggawa, ba tsoro. Kullum magana ɗaya ce ke haɗa ta da Baba.

"Baba, ka sake tashi ka bar ta a buɗe."

"Samira, sallah zan je, ba Makka ba."

"Ko alwala za ka yi, ka kulle. Danna nan kawai, in ka dawo ka sa kalmar sirrinka."

"Wa zan kulle wa? Alhaji mai dukiyar, ko wannan 'yar malam?" Ya nuna ni. "In na kulle a gabanta, me na ce mata ke nan?"

"Ba ka ce mata komai ba. Shagon ƙasa ma ai da kwaɗo ake rufe shi, ba wanda ya taɓa fushi."

"Shago a bakin hanya yake. Nan gida ne."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ei, Samira, ke kullum ɓarayi kike gani! Ki gyara mana intanet ɗin nan ya daina rarrafe, shi ke nan."

Ni ma na yi dariya. A lokacin ina ganin Baba ne mai gaskiya.

Ga yadda ake yi a wurin. Da an kira azahar, garejin yakan yi tsit. Musulmi su nufi masallaci, sauran su tafi cin abinci, a bar komai yadda yake. Idan mace ta zauna ba ta tashi ba, babu namijin da zai tambaye ta dalili. Kunya ba za ta bar shi ba.

Da farko da gaske ne ba na sallah. Na zauna ni kaɗai a ofis, kwamfutata tsohuwa ce, kuma Anti Samira ta toshe mata shafukan hira. Ta Baba kuwa sabuwa ce, tana haske, babu abin da aka toshe. Na ce bari in zauna a kujerarsa kaɗan. Na buɗe shafin da nake saka rubuce-rubucena, na saka wani da na yi a kan hasken walda. Kafin a idar da sallah wani ya amsa. Ya ce sunansa Faruk, ɗan Zongo ne, unguwar Hausawa, amma yana ƙasar waje, kuma bai taɓa karanta abin da ya tuna masa gida irin wannan ba.

Babu wanda ya taɓa ce mini marubuciya sai shi. Ya ce irina ba ta dace da warin mai ba. Ya ce zai buga mini littafi. Duk ranar da na samu kujerar Baba, nakan tarar da saƙonsa yana jira. Da ranakun uzurina suka wuce, aka kira sallah, Baba ya miƙe yana naɗe hannun riga, ya dube ni.

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ku je kawai."

Ya kau da ido da sauri ya ce, "To, 'yata." Wannan ita ce satata ta farko, kuma da sallah na fara.

Faruk bai taɓa neman babban abu a rana ɗaya ba. Ya ce in ɗauko masa hoton inda nake aiki, ya ga tagar da nake rubutu a gabanta. Bayan nan ya ce yana son ya fara irin kasuwancinmu, in nuna masa yadda takardar farashinmu take. Sai sunayen masu sayen kaya. Duk abin da na tura, yakan biyo ni da yabo, wani lokaci da 'yar kyauta a waya. Ranar da ya aiko da lambar wani asusun banki, ya ce in gaya wa wasu daga cikin 'yan kasuwar su tura kuɗinsu can, ya yi dogon bayani a kan yadda zai juya kuɗin ya dawo da su kafin kowa ya lura. Kada in yi muku ƙarya. Na san abin da nake yi. Tsorona kawai kada ya daina kirana marubuciya.

Baba yakan aika takardar farashi da safe. Da azahar sai in zauna a kujerarsa, in rubuta wa ɗan kasuwar daga imel ɗinsa cewa mun sauya asusu. A nan baiwar da Allah ya ba ni ta zama makami. Na san yadda Baba yake rubutu. Yakan fara da doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali da kasuwa da ruwan bana, ya rufe da addu'ar Allah ya sa albarka a cikin ciniki. Har kurakuran da yatsunsa ke yi na kwaikwaya. In na aika sai in goge, in koma kusa da tagata. Ta tagar nakan jiyo muryarsa yana kabbara.

Abin bai daɗe ba. Wata safiya wani mutumin Tamale ya iso da mota zai ɗauki injunan da ya biya. Alhaji ya ce bai ga komai ba. Mutumin ya zaro waya ya nuna saƙon. Baba ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, "Maganata ce. Amma wallahi ban rubuta ba." Kafin yamma wasu 'yan kasuwar ma suka bugo. 'Yan sanda suka sauko da shi ta matakala a gaban makanikan da yake ja sallah. Wasu suka sunkuyar da kai. Na ji wani yana cewa, "Chale, abokina, mutum ba ya ganuwa." Da la'asar suka tura wani gaba ya ja su sallah.

Na nemi Faruk a wayata. Shafinsa ya ɓace kamar ba a taɓa yinsa ba.

Na ɓoye abin da na sani. Har gidan Baba na bi matan unguwa muka je yi wa matarsa jaje, ta riƙe hannuna tana cewa, "Ke kin san shi, ki gaya musu." Na ce zan gaya musu.

Alhaji ya kira Anti Samira don ta haɗa wa 'yan sanda abin da ke cikin kwamfutar. Ta yini a gabanta. A ranar na gane cewa abin da aka goge bai tafi ko'ina ba, ga wanda ya san inda zai duba. Can sai ta sauka ƙasa. Na leƙa ta taga na gan ta tsugune kusa da wani makanike da ke ƙarƙashin mota.

"Masta, wa ke jan ku sallar azahar?"

"Baba Iddi mana."

"Kullum?"

"Ko zazzaɓi yake yi. Sai dai jiya da yau."

Ta hawo, ta rufe ƙofa, ta jawo kujera kusa da ni.

"Ƙanwata, duk saƙonnin nan da azahar suka fita. Baba yana gaban sahu, garejin nan duka yana kallon ƙeyarsa. Wa ke zama a sama?"

Na ce, "Ni, in ba na sallah."

"Na duba ranakun. Ni ma mace ce, uzurinmu ba ya kai tsawon haka. Ko dai mu wuce asibiti yanzu-yanzu, ko ki gaya mini gaskiya."

Sai na fashe da kuka. Ta bar ni na yi. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Da na lafa ta ce, "Abin da na gani zan kai, ba zan ɓoye ko layi ɗaya ba. Amma na fi so ki riga ni. Tsohon nan yana kwana a kan siminti saboda ya ƙi kulle miki kwamfuta."

A bayan babur ɗinta na je ofishin 'yan sanda. Da muka tsaya ta riƙe hannuna har gaban tebur. Na faɗi komai. Da aka fito da Baba, ya wuce ta gabana yana neman takalmansa. Bai dube ni ba.

Kotu ta ɗaure ni. Faruk ba a same shi ba, watakila ma ba sunansa ba ne. Ba zan ba ku labarin gidan yari da tsawo ba. Wuri ne da rana take fitowa ta faɗi ba ta tambayi ra'ayinki ba. Mahaifiyata takan zo da garin rogo da yaji, ta zauna ta kalle ni. Mahaifina ya daɗe kafin ya iya zuwa. A can na rama sallolin da na bari da gangan, kuma a can na fara roƙon Allah da bakin da ba ya ƙawata magana.

Anti Samira ta riƙa ziyartata. Ba ta taɓa ce mini abin ya wuce ba. Littattafan aikinta take kawo mini, ta yi mini tambayoyi a kan na baya, in na kasa ta ce, "Wannan kan da ya iya kwaikwayon Baba, shi ne zai kasa wannan? Koma ki karanta." Da na fito, babu ofishin da zai karɓe ni a Kumasi. Ita ta ɗauke ni. Ta ba ni kwamfuta da kalmar sirri tawa, ta ce duk abin da na taɓa za ta gani.

Na ce, "Daidai ne, Anti. Ban cancanci a yarda da ni ba."

Ta ce, "Kin ji ki! Tawa ma haka take, abokin aikina yana gani. Ni ma 'yar Adam ce, ina da ranar da zuciya ke rauni."

Sai da na yi watanni kafin na iya komawa Magazine. Na isa ana sallar azahar, na tsaya daga nesa. Muryar da na ji ba ta Baba ba ce. Da aka sallame na hango shi yana fitowa daga cikin sahu. Na durƙusa a gabansa, a ƙasar nan mai baƙin mai.

"Tashi, 'yata, za ki ɓata zane," ya ce. "Na yafe miki tun ina ciki. Ɗakin ya yi ƙanƙanta, ba zai ɗauke ni da fushi ba."

Na tambaye shi me ya sa ba shi ya ja sallah ba.

"Sun roƙe ni, har gida suka zo. Na tsaya a gaba rana ɗaya, sai na ji ina tunanin wa ke bayana, me yake tunani a kaina. Mai irin wannan tunani bai kamata ya ja mutane ba." Ya yi murmushi. "Ki gaida malam. Ki ce wa Samira yanzu ina kullewa, ta bar ni in huta."

Ƙannena, ga abin da nake roƙonku. Kada ku zauna a kujerar da ba taku ba, ko da mai ita ya ɗauke ku ɗa. Duk wanda ya yabe ku a intanet sannan ya nemi hoton wurin aikinku, ku rufe hirar a ranar, ku gaya wa wani babba. In za ku tashi daga gaban kwamfuta, ku kulle ta, ko alwala za ku yi. In kuma wani ya kulle tasa a gabanku, kada ku ji haushi, ku gode masa, don ya raba ku da abin da ni ban samu mai raba ni da shi ba. Kada kuma ku ce in an kama ku, ku kaɗai za ku biya. Ni na gama nawa hukuncin, na fito. Shi kuwa da bai yi komai ba, har yau a sahu na biyu yake sallah.