Illo Ya Daina Nitso

Tun Illo yana saurayi ruwan Kainji ya cinye ƙauyensu, aka maido su kusa da Warra. Itatuwan ƙauyen suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, suna kama komar masunta. Illo kuwa ya san mazaunin kowace bishiya, don haka ciro koma ya zama sana'arsa. In ya nitse, sai mai koma ya fara salati kafin Illo ya ɓullo yana dariya.

Shekarar da aka ba Kebbi jiha, idonsa na hagu ya dushe. Likita a Yelwa ya ce hawan jinin ido ne, na hagun ya tafi, amma za a iya tsare na dama da maganin ɗigawa, safe da yamma. Matarsa Tamada ce mai ɗigawa, don shi gwanin nitson nan, da ya ga bakin kwalba sai ya runtse ido kamar jariri.

Maganin yana da zafi, wannan bai dame shi ba. Numfashi ne ya ragu. Ran nan ya nitse gindin tsamiyar tsohuwar kasuwarsu, ƙirjinsa ya toshe, da ƙyar aka jawo shi cikin jirgi. Likita ya ce aikin maganin ne, ya sake masa wani. Sabon ya bar masa numfashi, sai dai ciwon goshi da duhu-duhu da yamma. Ya kuma ce ya haƙura da nitso.

Illo ya yi fushi ƙwarai.

"Ƙarƙashin ruwa ba a bukatar ido," ya ce wa Tamada. "Da hannu nika aiki. A bar maganin ga."

"To, Malam, a bar shi," in ji ta. "Amma ran da nid dawo daga kasuwa cikin jirgi, wa za shi hango ni?"

Da yamma dai ya miƙo mata kwalbar da kansa.

Yanzu daga cikin jirgi yake nuna wa masu nitso inda reshe yake, yana yi musu tsiya. Ran kasuwa kuwa tun la'asar yake zama bakin gaɓa yana jiran Tamada. Tun jirgi yana kamar ɗigo can nesa zai miƙe, ya kare ido da tafi, ya ce, "Ga ta can, mai jan ɗankwali."