Rigar Juma'ar Kawuna

Shekarun baya, lokacin ina lakwal ɗin koyon fim a Yamai, aka ce kowa ya haɗo gajeren fim na ƙarshen shekara. Ni kuwa a lokacin ji nake an haife ni darakta. Ko shayi ake dafawa sai na gyara wa mutane zama. Abokaina duk sun gaji da ni.

Abin da na fi so a duniya shi ne barkwancin 'yan daudu. Mutum ya yi maka habaici ya fige ka tas kana dariya, sai ka isa gida ka gane da kai ake. Akwai wani dattijo a cikinsu a wata tasha nan Konni, mai tuwo da miyar kuka, direbobin motocin siminti na Malbaza ba sa wuce rumfarsa. Unguwa ɗaya suka tashi da mahaifiyata, shi ya sa nake ce masa Baba.

Na kai masa labarina: wani babban mutum mai zagin ɗan daudu a bainar jama'a, amma da bikin 'yarsa ya zo, ya lallaɓo ta bayan rumfa yana roƙon a je a yi masa girki. Baba ya yi dariya har da riƙe ƙugu, sannan ya ce, "Ɗan nan, wanga abu kullum muna ganinai. Amma rumfar ga ita ce gonata, ba ni da wata. Kada ka ja mini." Na rantse masa ba za a ambaci sunan kowa ba, ya yarda ya fito.

Suna kam ban saka ba. Sai dai abokina da zai fito a babban mutumin ba shi da rigar kirki, ni kuma na kafe sai mai cika ido. Na je gidan kawuna, wanda yake cikin shugabannin tashar, na ari babbar rigarsa wajen matarsa ba da saninsa ba. Shuɗiya ce mai aikin ruwan ƙwai, da ita yake zuwa Juma'a shekara da shekaru. Wallahi ni kyan launinta kawai na gani.

Malamaina suka yaba. Kaina ya kumbura, na tura wa mutum biyu a waya, cikin kwana uku fim ya zaga garin Konni. Ba wanda ya kalli fuskar abokina, kowa rigar ya gani. Aka ce ai Baba ne ya tona asirin kawu, ya sa aka yi fim da shi.

Na dawo na durƙusa gaban kawuna na ce laifina ne. Ya ce, "Tashi, kai yaro ne, amfani aka yi da kai." Ni na rubuta, ni na ɗauka, ni na ari rigar, amma ko laifin aka ƙi ba ni. Sati bai cika ba aka ce wa Baba ya kwashe tukwanensa ya bar tashar.

Sai bayan watanni na iya zuwa inda ya koma, Badaguishiri. Na same shi a gefen kasuwa da tukunya ɗaya, ya rame. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni, ya zuba mini tuwo.

"Ka ci jarrabawar dai?"

Na ce na ci, ni ne na ɗaya.

Ya ce, "To madalla. Wahalar ba ta tahi a banza ba."

Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Har yau ina aikin fim, har yau barkwancin nan yana ba ni dariya, amma dariyar ba ta nisa. Na gaji da jin mutane suna cewa ai wasa ne kawai. Yanzu kafin na kunna kyamara sai na tambayi kaina wa zai ci gaba da zama a garin bayan na hau mota na tafi. Baba bai sake komawa Konni ba har ya rasu. Kawuna kuwa sabuwar riga kawai ya ɗinka.