Kalmar da Kawu Ya Daina Faɗa

Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, gemunsa rabi ne. Ɓangaren hagu gashi ba ya tsirowa, fata ce kawai a tattare kamar ledar da ta sha wuta. A wurin aiki Rabin-Gemu suke ce masa, yana amsawa kuwa.

Aikinsa sauke kwalta daga taragon jirgin ƙasa, irin mai kama da ƙatuwar randa a kwance. Kwalta takan iso a daskare, sai an tura mata tururi ta narke, sannan a ɗaura mesa a gindin tarago, a buɗe famfo ta gangara tanki tana huci. Idan kawu ya duba ɗaurin ya gamsu, sai ya ɗaga murya ya ce wa mai famfo, "Sake ta."

To, ashe su ma direbobin jirgi da wannan kalmar ake ce musu su saki birki. Ranar da abin ya faru, wani sabon direba da ake kira Gajere yana zaune a cikin kan jirgi, ba a kuma cire kan daga taragon ba. Ya ji "sake ta", ya saki birki, ya ja.

Mesa ta tsinke, ta yi bulala a iska, ƙarfen bakinta ya daki mai famfo a ƙirji ya watsar da shi kan tsakuwa. Tafasasshiyar kwalta ta feso a fuskar kawu ta manne. Ya kai hannu zai share, fatar ta biyo hannun.

Kafin a ce me, leburori sun jawo Gajere ta ƙafa. Wannan da sifana, wancan da shebur, wani da dutse. Haƙoransa suka zube a ƙasa. Wan mai famfo, wani ƙato, ya shaƙe shi yana jan sa zuwa inda kwalta ta kwanta tana tafarfasa.

"Bari ya ɗanɗana abin da ya zuba mana," in ji ƙaton.

Kawu, da ido ɗaya yake gani, ya rarrafo ya faɗa a kan Gajere. Sheburin da aka ɗaga ya sauka a gadon bayansa.

"Matsa, maigida," ƙaton ya ce. "Dubi yadda ya mai da ka."

"Bakina ne ya kira shi," in ji kawu. "In kisa za ka yi, fara da mai bakin. Ƙaninka ga shi can yana numfashi, kai kana nan kana ɓata masa lokaci."

Ƙaton ya waiga, ya ga ƙaninsa yana motsi, ya saki Gajere ya ruga.

Dukansu uku sun rayu. Gajere har gobe yana ɗingishi, yakan zo gaida kawu su zauna a ƙofar gida, ɗaya da rabin gemu, ɗaya ba haƙora. A wurin aiki yanzu "buɗe" ake cewa, kuma sai an cire kan jirgi tukuna. Shi kuwa kawu, kalmar nan ba ta ƙara fita bakinsa ba, ko akuya ce sai dai ya ce a kwance ta.

Matarsa kan kalle shi in sun yi cacar baki ta ce, "Yi ta faɗanka, malam. Duk unguwar nan ni kaɗai ce mijina ba zai iya cewa ya sake ni ba."

Sai ya shafa rabin gemun ya yi dariya.