Doron Bayana da Rigar Mashin

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, akwai abu guda da na san ba zai iya ɗauka ba, wato yadda na sami rigar hawa mashin da ta rufe a jikina. Wani zai ce ai riga ce kawai. Shi ya faɗa, don shi Allah ya ba shi baya miƙaƙƙe.

Ni da doro na tashi. Inna ta ce ciwo ne ya kama ni ina ƙarami, aka yi ta magani, ciwon ya tafi ya bar mini tulin ƙashi tsakanin kafaɗu, ya ɗan karkata dama. Makaranta ban yi nisa ba, na gaji da yaran da ke bi na a baya suna sunkuyawa. Da na girma na kama kabu-kabu a Yelwa. Mashin ba ruwansa da siffar mai tuƙa shi, amma fasinja da ruwansu. Sai mutum ya nufo ni, ya ga abin da zai zauna a bayansa, ya yi kamar an kira shi a waya ya wuce wurin na gaba. Da na gaji na koma dakon kifi, ina ɗauko kwalayen banda daga bakin ruwa wajen Wara in kawo kasuwa. Amma aiki ne na lokaci. In kamu ya yi ƙasa sai tukunyar gidana ta huta, ga mata ga yara.

Ana nan sai wata ƙungiya mai aikin lafiya ta zo neman matuƙa da za su riƙa kai akwatin allurar rigakafi ƙauyukan bakin tafki. Mashin nasu, mai nasu, albashi duk wata. Aka gwada mu a yashi da kwazazzabo, kuma ba yabon kai ba, babu wanda ya kama ƙafata. Hanyoyin nan na san su kamar tsakar gidanmu. Aka ɗauke ni. Ranar na koma gida ina jin kamar tsawona ya ƙaru.

Sai ranar rabon kaya. Hular kwano ta shiga, safar hannu ta shiga, takalmi ya shiga. Aka zo kan riga. Wata baƙar jaket ce mai kauri, an cusa mata roba mai tauri a kafaɗu da gwiwar hannu, a baya kuma wani shimfiɗaɗɗen faranti tun daga wuya har ƙugu. Na zura hannuwa. Farantin ya hau kan ƙololuwar dorona ya tsaya yana lilo, gaban rigar kuwa ko gaisawa ɓangarorin ba su yi ba. Aka kawo wadda ta fi duka girma. Hannunta ya wuce yatsuna, gindinta ya sauko cinya, amma da na ja zif sai wuyanta ya shaƙe ni, farantin ya turo hular kwano ta rufe mini ido.

Wurin ya fashe da dariya. Akwai wani taubashina cikin waɗanda aka ɗauka, mai baki kamar reza, tun muna yara Raƙumi yake ce mini. Shi ya ɗaga murya ya ce wa shugabar aikin, "Hajiya, wanga ba riga shika so ba, akumari irin na jaki za a ɗinka mai. A kai shi wurin masu jakai!"

Hajiyar da ke shugabantar aikin gajeruwa ce mai tabarau, ba ta da fara'a, kuma ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, tafi da babbar ka san yadda za ka yi. Sati mai zuwa zan raba mabuɗai. Wanda rigarsa ba ta rufe har wuya ba, ba zai hau mana mashin ba. In ka faɗi a kan wannan bayan, ni za a tura in gaya wa matarka."

A lokacin na ji haushinta ƙwarai. Yanzu na san gaskiya ta faɗa. Mai doro in ya faɗi ta baya, duk nauyin jikinsa a kan ƙashi guda yake sauka.

Na shiga yawon teloli. Na farko ya tsaya daga nesa ya auna ni da ido, ya ce kekensa ba ya cin irin wannan yadi. Na biyu ya ɗauko tef, ya zagayo bayana, sai na ji bai taɓa ni ba. Na waiwaya na gan shi riƙe da tef ɗin a iska, ya kasa ɗora shi, kamar doro cuta ce da ake ɗauka. Na uku ya rage murya ya ce in bari ya zare farantin, wa zai sani? Na ce masa in don a ruɗi Hajiya ne, kwalta ita ba a ruɗinta. Na bi 'yan gwanjo har Kontagora, aka zazzage mini diloli. Na ga rigar mai ƙaton ciki, na ga ta dogo, na ga ta mace, ban ga tawa ba. Na tambayi mai kayan ko ƙasar da ake ɗinka su babu masu doro ne. Ya ce wataƙila can ma a ɗaki ake barinsu.

Kwanaki suka ja, na fara cire rai. Na kai wa wani mutum kaya wata kasuwar ƙauye ta wajen Shanga, na zauna gindin bishiya ina shan fura, rigar tana ɗaure a bayan mashin don ko'ina da ita nake yawo. Gabana wani Bafillace yana ɗora wa takarkarinsa buhunan gero. Ina kallo ne kawai irin na wanda ba shi da abin yi, sai na lura shimfiɗar da ke bayan san ba ta taɓa tozonsa ba. Shimfiɗar matasai biyu ce, ɗaya kowane gefe, nauyin duk a kansu yake, tozon yana tsakiya yana shan iska.

Furar ta fita raina. Zagin taubashina ya dawo mini, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne ɗan banzan nan gaskiya ya faɗa. Na daɗe zaune ina faɗa da zuciyata. Daga ƙarshe na tashi na tambayi Bafillacen wa ke ɗinka masa.

Ya nuna mini wata rumfa a ƙarshen kasuwa, kusa da turakun jakai. Wani tsoho ne kurma-kurma, zaune cikin tarin tamfol da igiyoyi, basilla a hannu. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba.

"Baba, aiki na kawo."

"Ina jakin?"

"Ni ne."

Sai ya ɗago. Ya dube ni, ya dubi rigar, na yi masa bayani da ƙarfi har masu sayar da igiya suna leƙowa. Ina jira ya yi dariya ko ya ce Allah ya sawwaƙe, don su biyun nan na saba ji. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce, "Shiga bayan zana ka tuɓe."

Ya ɗora tafin hannuwansa biyu a bayana, masu kaushi kamar ɓawon itace, yana bi yana dannawa. Ban da Inna da matata, babu mahalukin da ya taɓa ɗora hannu a wurin nan. Ya danna wani gurbi ƙarƙashin kafaɗar hagu ya ce, "Nan shina yi maka ciwo in ka daɗe bisa mashin?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "Hakanan na gani. Karkatacce kake, kamar wata jaka da nit taɓa yi ma aiki. Ita har cizo takan yi. Kai kana cizo?" Na ce ya danganta. A nan ya yi dariya, ni ma na yi, abin da na jima ban yi ba.

Ya ɗinka wani abu kamar ƙaton gammo da tamfol, ya cusa masa audugar rimi, ya yi kauri a hagu inda bayana ya faɗa, ya yi siriri a dama, doron ya zauna cikin ramin tsakiya. Farantin kuwa ya gasa shi sama-sama a kan garwashi, ya lanƙwasa shi a gindin turmi, don ya kwanta kan gammon ba kan ƙashina ba. Sannan ya shimfiɗa rigar ya ɗauko wuƙa.

Na riƙe hannunsa na ce, "Baba, ba tawa ba ce. In ta ɓaci na rasa aikin, kuma na shiga uku."

Ya ce, "To yanzu da ba ta ɓaci ba, kana da aikin?"

Na sake shi. Ya tsarge bayan rigar tun daga wuya har ƙasa. Ƙarar yadin nan har yau tana kunnena.

Ya ƙara mata fata a tsakiya, ya rage hannuwan. Amma bai sallame ni ba. Ya shafa toka a cikin gammon, ya ce in sa in je in yi gudu a hanyar da ta fi kowace gargada in dawo. Na dawo na tuɓe, ya duba inda tokar ta manne a fatata, nan ne ke gugar jiki. Ya farke, ya rage auduga, ya sake tura ni. Haka muka yi ta yi, na kwana garin, washegari muka ci gaba. Ya ce dabbar da ba ta magana ma ba ya bari ta tafi da abin da zai yi mata gyambo, balle ni mai baƙar magana.

Ranar rabon mabuɗai na shiga layi da rigata a rufe har wuya. Hajiya tana bi tana ƙwanƙwasa bayan kowa. Da ta zo kaina ta zagaya, ta tsaya, ta cire tabarau.

"Wa ya ce ka yanka mana riga?"

"Kin ce ta rufe, Hajiya. Ga ta ta rufe."

"Na ga ta rufe. Amma wannan ɗinkin na wane ne? Ta yaya zan san zai kare ka? Ba zan iya ba ka mabuɗi a kan abin da ban tabbatar ba."

Na ji 'yan ƙus-ƙus a layi. Bayani ba na iya shi, Turanci ba ni da shi. Filin tsakuwa ne. Na fito daga layi, na gyara hular kwano, na ja da baya na yi tsalle na saki jikina ta baya gaba ɗaya, tim!

Wata ma'aikaciya ta yi salati. Ni kuwa ina kwance ina jiran ciwon da na sani, wanda ko bango na jingina da ƙarfi yakan harba mini har ƙafa. Bai zo ba. Na ji bugun a haƙarƙari da kafaɗu, doron kuwa yana cikin raminsa lafiya lau. Sai na ga sama. Shuɗiya fes, ga shirwa tana shawagi. Tun da na yi wayo ban taɓa kwanciya rigingine ba, kullum a gefe nake kwana kamar wanda aka jingine. Ina da furfura a gemu, ranar na fara ganin sama sosai ba tare da na murɗa wuya ba.

"Malam! Malam, ka ji ciwo? Tashi mana!"

Na ce, "Hajiya, don Allah ki ɗan bar ni tukuna."

Ta durƙusa ta tura hannu ƙarƙashina tana laluben gammon. Da na tashi ta sa na tuɓe, ta juya rigar ciki da waje, ta ja ɗinkin da ƙarfinta, ta ɗauki hotonta a waya. Ta sa na mayar, na hau mashin na zagaya filin, in waiga dama, in waiga hagu, in taka birki. Na tsaya gabanta. Ta ce, "Kada ka sake yi mini irin wannan haukan." Ta miƙo mabuɗi. Layin nan da ya yi mini dariya shi ya ɗauki tafi da ihu, taubashina a gaba yana cewa ai shi ya ba da shawara. Na damƙe mabuɗin har ya yi mini shaida a tafin hannu.

Shekaru ke nan ina kai allura ƙauyukan bakin tafki, damina da rani, yarana suna makaranta. Ba zan ce zuciyata ta yi fari da mutane ba, don ba ta yi ba. Amma na koyi abu guda. In aka ce maka babu daidai kai, ba jikinka ne ya yi laifi ba, wanda zai tsaya ya auna ka ne ba ka samu ba tukuna. Ka neme shi ko a ina yake, ko da wurin da kake jin kunyar a gan ka ne, kuma in ka same shi ka tuɓe ka tsaya ya yi aikinsa.