Mai Fuska Biyu a Kan Kanta

Ban taso ina gudun sabon abu ba. Na koyar a Makarfi, na riƙe makaranta a Kudan, na ajiye aiki a nan Ikara, kuma duk inda na zauna ina cikin na farko da ke karɓar abin zamani idan yana da amfani. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka ƙunƙunin tsoho ne da duniya ta wuce. Cin mutunci aka yi mini, kuma har yau raina bai huce ba.

Bayan na yi ritaya, jama'ar unguwarmu suka naɗa ni na'ibin limami. Idan liman ya tafi gonarsa ta Malikanchi, ko tafiya ta kama shi, ni ke jan salla. Ba albashi, ba rawani. Amma mutumin da ya saba tsayawa gaban jama'a tun yana saurayi ya san daɗin a ce har yanzu akwai wurin da ake jiransa.

Akwai wani na jikina da tsufa ya kawo wa lalurar fitsari, har ta kai sai da ƙunzugun manya, irin na zamani da ake amfani da shi a yar. Ba zan faɗi ko wane ne ba, ko a nan. Gidana ba tsoho ɗaya ba ne, kuma ina da 'yan'uwa a Paki da Saulawa. Ni dai aka roƙa in riƙa sayowa, aka kuma roƙe ni in rufa asiri, na ɗauki alkawari.

A kemis ɗin bakin kasuwa nake saye. Mai shi a wancan lokaci dattijo ne, Kirista daga kudancin Kaduna, wanda ya daɗe cikinmu har Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Sau ɗaya na yi masa bayani. Daga ranar, in na shiga sai mu gaisa, in ce, "Na zo karɓar saƙo." Sai ya shige ciki, ya naɗe kayan da tsohuwar jarida, ya sa a baƙar leda ya miƙo mini. Ko kanti cike yake, ba mai sanin ko sabulu na saya ko garin kunu. Wannan shi ake kira sutura, kuma ba a makaranta ya koye ta ba.

Da ƙafa ta hana dattijon fitowa, ɗansa ya karɓi kantin. Mutum ne mai ladabi, mai iyali, ya yi karatun harhaɗa magunguna a Zariya. Shi ya kawo na'urar lissafin ciniki. Allon gilashi biyu ne a kan kanta, baya da baya: ɗaya na kallon mai kanti, ɗaya na kallon masu saye. Idan ba a ciniki, na wajenmu sai ya yi ta nuna tallar man goge baki da maganin sauro. Na gan shi ranar da na shiga, ban kawo komai a raina ba.

Bayan la'asar ne, lokacin kakar tumatir, kanti maƙil da manoma. A bayana akwai wani dillalin rake da ke salla a sahun farko na masallacinmu. Na ce na zo karɓar saƙo. Ɗan ya san maganar, mahaifinsa ya sanar da shi. Ya ɗauko kayan a ɓoye, ya riƙe su ƙasa da kanta, ya haska su da wata 'yar fitila mai jan haske. Na'urar ta yi ƙara. Nan take tallar man goge baki ta ɓace, hoton ƙunzugun ya cika allon da ke fuskantar jama'a, da sunansa da manyan baƙaƙe. Wanda bai iya Turanci ba ma hoton ya ishe shi.

Sai dillalin ya yi gyaran murya ya ce, "Ayya, Malam, ashe ana fama. Allah Ya ƙara sauƙi." Wasu suka amsa da amin. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari da safe na koma, kafin jama'a su taru.

"Wane ne ya ba wannan abu izinin shelanta cinikina?"

"Baba, wallahi ba da gangan ba ne. Haka aka haɗa ta. Duk abin da na haska, sai ya fito a nan, ya fito a can, don mai saye ya ga ba a sauya masa kaya ba."

"Mahaifinka ya taɓa sauya mini kaya?"

Ya sunkuyar da kai.

"To rubuta mata 'saƙo'. In na zo, ta nuna 'saƙo'."

"Ba ta san saƙo ba, Baba. Layukan da ke jikin ledar take karantawa, sunan daga can yake fitowa."

"Kashe na wajen, to."

"Na gwada. In na zare wayarsa, sai nawa ma ya rikice. Sai wanda ya haɗa ta ya zo daga Zariya."

Na ce ya nuna mini mai ba da umarnin. Ya durƙusa ya buɗe wani ɗan akwati a ƙarƙashin kanta. Wani ɗan faranti ne kore, bai kai tafin hannuna ba, wayoyi biyu sun fito daga gefensa, kowace ta nufi allonta. Wai shi kaɗai ke tafiyar da fuskokin biyu. Na daɗe ina dubansa. Mu a wajenmu mai fuska biyu munafuki ne, amma ko munafuki yakan zaɓi abin da zai gaya wa kowa. Wannan kuwa duk abin da ya ji a ɗaka sai ya fita da shi dandali, kuma masu shi suna kiran haka gaskiya. Waɗanda suka zauna suka tsara shi, a ce cikinsu ba wanda ya taɓa sayo wa tsohonsa abin kunya? Ba wanda ya tuna cewa kemis ba kantin biskit ba ne?

Kafin mako ya zagayo, ladaninmu ya zo zaure. Abokina ne tun muna yara. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi damina mai zuwa, ya koma ya sake tambayar gida.

Na ce, "Kai da ka saba ɗaga murya, yau me ya maƙale maka?"

Ya ce, "Hedimasta, ka fi ni sanin hukuncin. An karhanta mai irin wannan lalura ya ja masu lafiya salla. Jama'a na ƙus-ƙus."

"Ba nawa ba ne."

"Na yarda. Amma za su ce na wa?"

"Ka ce musu na ce ba nawa ba ne."

"Haba, sa'ana. Kalma ɗaya ce fa. Ka raɗa mini, ni kuma in san yadda zan kashe wutar."

"Kai? Bakin da ke kwana a lasifika?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Abin da ya ƙona mini rai ya wuce na'urar. Rabin mutanen masallacin nan ni na koya musu riƙe fensir. Ba su taɓa kama ni da ƙarya ba. Amma da maganata da hoton gilashi suka haɗu, gilashin suka gaskata. Ni kuma na san garinmu: in na ambaci sunan ga mutum ɗaya da hantsi, kafin azahar mata sun fara zuwa dubiya, kuma wanda ya riƙe hannuna ya roƙe ni sutura ba zai sake ɗaga ido ya dubi kowa ba.

Na ce wa ladan su nemi wani na'ibin.

Mutumin Zariya bai zo ba sai da damina ta sauka. Kafin nan ɗan mai kemis, don ya kyautata mini, ya samo wani ɗan tawul. Da ya hango ni sai ya yi wuf ya lulluɓe allon waje, kowa kuma ya juyo ya ga wa aka lulluɓe dominsa. Na hana shi. Yanzu an gyara, in ji shi, yana iya danna wani wuri allon ya ci gaba da tallarsa. An gyara bayan me?

Dillalin raken nan ƙanensa aka naɗa. Yana da ƙoƙari, sai dai yana gaggawa a ruku'u, kuma yana haɗiye ƙarshen aya. Ina tsayawa bayansa a sahun farko, daga dama. In ya yi tuntuɓe a karatu, ni ke ɗora shi, kuma da ƙarfi nake yi, yadda na sahun baya za su ji. In an sallame, ranar da ta kama, sai in ɗauki sandata in bi ta bakin kasuwa in karɓi saƙo.