Kiɗan Falmata da Ya Koma Abin Dariya

Da daminar bana Ya Bukar Mai Kukuma ya cika shekara talatin a kabari. Na san yawancin masu karanta wannan jarida ba su taɓa jin sunansa ba, amma da wuya a sami mai kunne a Arewa da bai taɓa jin aikin hannunsa ba. Ni makaɗin kalangu ne, ɗan mahautan Potiskum, kuma karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Tare muka yi kiɗa da shi, tare muka je Kaduna, tare aka sallamo mu. A cikin waɗanda suka san yadda abin ya faru, ni da matarsa Yagana kaɗai muka rage.

Iyayensa daga Barno suka zo da fataucin kanwa, garin ya karɓe su, suka zauna. Ya girme ni, shi ya sa nake ce masa Ya Bukar, yadda Barebari suke kiran yayyensu. Dogo ne siriri, mai tsage a fuska, kuma har ya bar duniya Hausarsa ba ta raba mace da namiji ba. A kasuwar shanu muka haɗu. Ni ina yi wa iyayen gidana mahauta kiɗa, shi kuma yana zama a rumfar da masu koro shanu daga nesa suke sauka, yana goga musu kukuma su manta gajiyar hanya. Wata rana ya ji kalanguna, ya aiko a kira ni, ya ce in bi shi a hankali kada in danne shi. Daga ranar ba mu rabu ba. Bukukuwan Fika da ƙauyukan da ke kewaye, babu inda ba mu taka ba.

Suna da 'ya mai suna Falmata, wadda ƙyanda ta ɗauke lokacin da bakinta ya fara buɗewa. Ban ga hawayensa ba a wurin jana'iza, ban gani ba a zaman makoki. Sai bayan sadakar arba'in, muna zaune a zaurensa, ya sauko da kukuma ya goga wani abu da ban taɓa ji ba. Kiɗan yakan fara can sama, kamar mai ƙwala wa wani kira, sa'an nan ya riƙa saukowa kaɗan-kaɗan, ya ƙare da wani dogon sauti irin na mutumin da ya gaji ya zube a ƙasa. Babu waƙa a kansa. Na ɗauko kalangu zan bi shi, ya girgiza mini kai. Bai taɓa kaɗa shi a wurin biki ba, bai taɓa kaɗa wa wani mai kyauta ba. In ya keɓe shi kaɗai ne yakan yi shi, kuma in Yagana ta jiyo daga cikin gida sai tsintsiya ko taɓarya ta tsaya har ya gama.

Wannan duk zamanin Turawa ne, lokacin da rediyon garin nan ɗan akwati ne a ɗakin karatu na En'e, mutane su taru da yamma su yi ta mamakin yadda murya take zuwa ba mai ita. Ana nan sai ga wata mota daga Kaduna, da Bature guda da wani ɗan Arewa mai fara'a, Malam Haladu. Suka ce makaɗa suke nema don wani shirin kacici-kacici, inda za a riƙa tara 'yan makaranta da akawu-akawu ana yi musu tambayoyi, a buɗe da kiɗa, a rufe da kiɗa, wanda ya ci kuma a kaɗa masa. Ba zan faɗi sunan shirin ba, duk wanda ya kai shekaruna ya san shi. Aka tara mu a gindin wata tsamiya, kowa ya nuna abin da ya iya a gaban na'ura. Da aka ce a huta, Ya Bukar ya ɗan ja gefe, ya jingina da bishiyar, hannunsa ya tafi inda ya saba zuwa. Ashe na'urar ba ta huta ba. Ba wanda ya gaya mana, mu kuma ba mu san ana tambaya ba.

Mu biyu aka zaɓa. Babbar mota ta kai mu Kano, jirgin ƙasa ya ƙarasa da mu. Ba zan ɓoye ba, mun ji daɗin Kaduna da farko. Aka ɗinka mana fararen riguna iri ɗaya duk da ba mai ganinmu sai 'yan kallon da ke cikin ɗakin. Aka haɗa mu da wani mai kiɗan ƙwarya, aka ce mu ne makaɗan gida. Jar fitila in ta kama, tari ma ba a yi. Muka koyi kiɗa da ido, Malam Haladu ya ɗaga yatsa mu fara, ya dunƙule hannu mu tsaya cak ko da a tsakiyar zance ne. Labari ya riƙa zuwa mana cewa ranar shirin ɗakin karatu ba ya ɗaukar mutanen Potiskum, mahauta har rufe rumfa suke yi da wuri.

Wata rana aka tambayi wani akawu sunan wani kogi, ya yi ta in'ina har lokaci ya ƙure. Sai kawai daga lasifikar da ke bango muka ji kukuma. Wutsiyar kiɗan Falmata ce, wurin nan da yake saukowa ya zube. Ɗakin ya ɗauka da dariya, har akawun da kansa yana riƙe ciki. Na waiga na ga Ya Bukar riƙe da kukumarsa a cinya, yana duban hannuwansa kamar yana so ya tabbata ba su ne suka ci amanarsa ba.

Da aka tashi ya tare Malam Haladu a baranda. Ya ce, "Malam, wannan kiɗa ba na wasa ba ne. Na yarinyana ne da ya mutu. A cire shi."

Malam Haladu ba mugun mutum ba ne. Fuskarsa ta canza, ya yi masa ta'aziyya kamar ranar aka yi rasuwar, ya kai mu wurin Baturen ya yi mana tafinta. Baturen ya saurara da kyau, sa'an nan ya ce ya yi baƙin ciki, amma abin da na'urar gidan ta ɗauka na gidan ne, kuma an riga an buga shi a faifai. Ya ƙara da cewa ai kiɗan gargajiya ne, irin wannan ba shi da mai shi.

Ya Bukar ya ce, "Gaya masa wannan yana da uba. Ni ne."

Ban san yadda Malam Haladu ya juya wannan magana da Turanci ba. Na dai ji Baturen ya ce za a duba. Mako ya zagayo aka sake sa shi, aka sake yin dariya, wadda ta fi ta farko. Daga baya ma suka roƙe shi ya riƙa kaɗawa da hannunsa don faifan yana ƙara, ya ce ko za a yanka shi ba zai yi ba. Magana zarar bunu ce, in ji Hausawa. Mu a lokacin muka gane kiɗa ya fi magana wuyar mayarwa.

Ban sani ba ko ƙin da ya yi ne ya buɗe musu ido, ko da ma can abin yana tafe. Sun dai lura cewa faifai ba ya musu, ba ya zazzaɓi, ba ya neman izinin zuwa gida da salla. Suka sa muka kaɗa na buɗewa da na rufewa da na wanda ya ci, duk aka ɗauka, aka yi mana godiya, aka sa mu a jirgi. Muka dawo Potiskum muka tarar da kanmu a cikin akwatin ɗakin karatu, muna ta kiɗa ba mu nan.

Abin da ya tarar a gida ya fi na Kaduna ciwo. Kiɗan ya riga mu isowa. Ranar kasuwa wani bijimi ya fizge igiya ya kayar da mai jansa a cikin taɓo, sai 'yan kallo suka haɗa baki suna kwaikwayon saukowar nan, ana tafi. Mace in ta fasa tulu a bakin rijiya, shi za a yi mata. Ɗan dambe in ya faɗi, shi ne. Har suna aka sa masa, kiɗan faɗuwa. Muka je wani biki a Danchuwa, abokan ango suka kewaye shi suna cewa, "Mai Kukuma, a yi mana na faɗuwa!" Ba da mugunta suke yi ba, yabo ne a wurinsu. Ya dube su, ya sa kukumar a jaka, muka kamo hanya da ƙafa. Wa zai bi gida-gida yana gaya wa Arewa duka cewa abin da take yi wa dariya makoki ne? Na taɓa ce masa ya bari in faɗa wa mutanen kasuwa, ko su kaɗai su daina. Ya ce a'a, sunan Falmata ba zai shiga bakin 'yan kasuwa ba, abin da aka ɗauka ya isa.

Bai ƙara taɓa kukuma ba. Ya koma taya dillalan shanu aiki, yana riƙe igiya yana duba haƙora. Tari ya kama shi, ya yi ta fama, ya rasu ana gab da samun 'yancin kai. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Yanzu zamani ya juya. Turawa sun tafi, shirin bai tafi ba. Har ya hau talabijin, ana ganin masu amsa tambaya da manyan riguna, ana ba wanda ya ci fanka ko keke. Makaɗan da suke zaune a gefe da kayan busa na Turawa ba a haife su ba lokacin da muka je Kaduna, amma in wani ya kasa amsa, su ma sai su sauke hannu a saki tsohuwar kukumar nan, domin an gwada wasu kiɗe-kiɗen jama'a sun ce ba su yarda ba. Ina kuma jin ana ta maganar haƙƙin mallaka, wai mawaƙi yana da iko da abin da ya ƙirƙira, ba a sa shi sai da izninsa. Na yi murna da haka saboda yaranmu, don an daɗe ana kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗansa Modu, wanda aka haifa bayan Falmata, ya ɗauki maganar da zafi, ya je har Kaduna. Aka karɓe shi da mutunci, aka ba shi kujera, aka ce masa waɗanda suka san zancen duk sun mutu ko sun koma ƙasarsu, kuma ba yadda za a tabbatar wane ne ya kaɗa. Ya ce musu ina nan a raye, ni ne shaida. Aka ce za a neme ni. Furfurata ta ƙaru tun daga lokacin.

Nakan tambayi kaina, da Ya Bukar yana nan, me zai ce da wannan doka? Ina jin zai saurara har a gama yi masa bayani, sa'an nan ya tambaya ko a cikinta akwai wurin da aka ce mutum yana iya karɓar kiɗansa ya mayar da shi zaure ya rufe ƙofa. Ba rabo yake nema ba, shiru yake nema. Ko da gidan ya yarda ya daina sawa gobe, wa zai cire shi daga bakin masu tallan gyaɗa da 'yan kamasho da yaran makaranta? An ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Wannan jifa na gaji da ɗaga kai ina jiransa.

To me ya rage na Ya Bukar? Ba hoto, don bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Kukumar gara ta cinye ƙoƙonta. Manyan kiɗe-kiɗensa na biki, waɗanda ya yi alfahari da su, sun bi shi, ni ma da na raka su da kalangu sai in yi ta lalube ban kamo bakin zaren ba. Abin da ya so ya ɓoye shi kaɗai ya tsira, kuma ya tsira ne a hannun masu dariya. Na daɗe ina ganin wannan a matsayin zalunci tsantsa, har yanzu ma ban sauka daga kai ba.

Kwanan baya na je gaishe da Yagana a gidan Modu. Ta tsufa ƙwarai, idanunta sun tafi. Na iske ta a kan tabarma da ƙaramin rediyo a gefen kunne, ana cikin shirin. Na ce, "Ya Yagana, ke ma wannan abin kike saurare? Bari in kashe miki."

Ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Bar shi, Audu. Da can in an sa, daji nake ji kamar in shiga. Yanzu muryarsa ta ɓace mini, fuskar yarinyar ma ta ɓace mini. Nan kaɗai nake samun su, su biyu." Sa'an nan ta ce, "Allah Ya yafe mini, 'ya'yan mutane suna can suna gumi, ni kuwa ina nan ina roƙo wani ya kasa."

Na zauna kusa da ita. Aka yi wa wata yarinya tambaya, ta amsa daidai, aka tafa mata. Aka yi wa na biye da ita, shi ma ya ci. Yagana ta gyara zama, ta ƙara matsar da rediyon, muka ci gaba da jira.